Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Müller Suka Yi Yawa a Jamus?

Tambaya: Ni mai bin ƙwallon Jamus ne tun ina yaro. Mahaifina yakan ba mu labarin Gerd Müller, mu kuma muka taso muka tarar da Thomas Müller, dukansu a Bayern Munich, kuma dukansu sun sa riga mai lamba 13 a ƙungiyar ƙasarsu. Shin Thomas ɗansa ne ko jikansa? In babu dangantaka, mene ne ma'anar sunan, kuma me ya sa ake yawan jin sa? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Mun gode da wannan tambaya, kuma a gaishe mana da Baba.

Babu dangantakar jini tsakanin mutanen biyu. An haifi Gerd a garin Nördlingen a 1945, ya rasu a 2021. An haifi Thomas a 1989, ya tashi a wani ƙauye da ake kira Pähl. Jiharsu ɗaya, wato Bavariya, kuma sun san juna sosai, domin Gerd yana cikin masu horar da ƙungiyar Bayern ta biyu lokacin da Thomas yake tasowa. Amma kama da wane ba ta wane. Idan Baba ya tuna gasar cin kofin duniya ta 1978 a Ajantina, Jamus ta Yamma ta je da Müller har biyu, Dieter da Hansi, su ma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Shi Dieter ma ba da sunan aka haife shi ba, Kaster ne sunansa na farko, daga baya ya ɗauki sunan mijin mahaifiyarsa.

Abin da ya sa ake yawan cin karo da sunan shi ne, babu sunan dangi da ya kai shi yawa a Jamus, haka ma a Suwizalan. Masu amsa shi dubban ɗaruruwa ne. Ma'anarsa kuwa mai niƙa, wato mutumin da ake kai wa hatsi ya mayar da shi gari. Mu a nan mukan ce "Mula", kuma ba mu yi nisa ba. Ɗigon nan biyu da ke kan harafin u suna nufin ka zagaye leɓɓanka kamar za ka ce "u", sannan ka furta "i" ba tare da ka sake su ba.

Kalmar ba 'yar asalin Jamusanci ba ce. Daga Latin ta zo, harshen Rumawa, inda ake kiran gidan niƙa molina, mai aiki a cikinsa kuma molinarius. Bakin Jamusawa ya yi ta lanƙwasa ta tsawon ƙarnuka, ta zama mulinari, ta zama mülner, daga nan harafin n ya narke cikin l ta zama Müller. Dalilin aron yana cikin tarihin aikin kansa. Kakannin Jamusawa suna niƙa hatsinsu da dutsen hannu a gida, mata da bayi ke yi, kuma suna da tasu kalmar ta wannan dutse. Aikin da ake yi a kowane gida ba ya bukatar a ba wani mutum ɗaya sunansa. Rumawa ne suka kawo dabarar sa ruwan rafi ya juya ƙaton wili na katako, wilin ya juya dutsen niƙa. Wani mawaƙin Rumawa mai suna Ausonius, a waƙar da ya yi wa kogin Mosel cikin ƙarni na 4, ya ambaci irin waɗannan gidajen niƙa a wani rafi kusa da birnin Trier. Bayan faɗuwar daular Rum, gidajen ibadar sufayen Kirista da manyan masu ƙasa suka ci gaba da gina su. Kayan aikin ya zo da sunansa, kuma a karon farko niƙa ta zama sana'ar da namiji zai tsaya a kai ya ci abinci da ita. Daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 12 zuwa na 13, aka fara gina masu aiki da iska, musamman a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa inda ruwa ba ya gangarowa da ƙarfi.

To ta yaya sunan sana'a ya zama sunan zuriya? Har zuwa wajen ƙarni na 12, Bajamushe suna ɗaya yake da shi. Matsalar ita ce sunayen da ake raɗawa ba su da yawa. Heinrich da Konrad sun cika gari, har yau Jamusawa in za su ce "kowa da kowa" sai su ce Hinz und Kunz, wato gajerun waɗannan sunaye biyu. Johannes, wanda ake taƙaitawa Hans, ya zo ya fi su yawa. Da birane irin su Kolon suka bunƙasa, aka fara rubuta cinikin gidaje da gado da haraji, dole magatakarda ya san wane Hans ne ya sayi gida, wane ne kuma ake bi bashi. Sai a ƙara masa laƙabi: na mahaifinsa, ko garin da ya fito, ko wurin da gidansa yake, ko wata kama ta jikinsa, ko sana'arsa.

Wannan matakin ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da Audu Maƙeri da Sani Tela da Garba Wanzami. Bambancin yana a mataki na gaba. A ƙasar Hausa, ɗan Audu Maƙeri in ya shiga makaranta galibi Musa Audu za a rubuta, jikan kuma ya zama wane Musa, laƙabin ya tafi da mai shi, sai fa 'yan kaɗan irin su Alƙali da Liman da Ladan da suka zauna a wasu gidaje. A Jamus laƙabin ne ya daskare. Tun da gidan niƙa gado ne, ɗa yana karɓa daga uba, sunan ya yi ta bin gidan. Ƙanen da bai gaji dutse ba, ya tafi birni ya koyi ɗinki, shi ma ya tafi da sunan. Abin ya fara daga biranen kudu da na yamma, ya bazu a hankali cikin ƙarni na 13 zuwa na 15, ƙauyuka suka biyo baya. Mutanen Friesland, can gaɓar tekun arewa, sun riƙe tsarin kiran mutum da sunan ubansa har zuwa ƙarni na 19. Littattafan coci na baftisma da aure sun ƙara kafa sunayen, sannan daga 1876 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk faɗin daular Jamus. Daga nan canza suna ko rubutunsa ya zama sai da izinin hukuma.

Saboda haka Müller ba su da kaka ɗaya. Sunan ya tsiro ne a dubban wurare daban-daban, a duk bakin rafin da aka kafa dutse, ba tare da wannan ya san da wancan ba.

Akwai wata tambaya da ke ɓoye cikin taka, wadda a ganina ita ce mabuɗin al'amarin. A wancan zamani yawancin Jamusawa manoma ne. Me ya sa Bauer, wato manomi, bai zo na ɗaya ba, bai ma shiga goman farko ba? Amsar ita ce aikin laƙabi ya bambance. A ƙauyen da kowa manomi ne, in ka ce "Hans manomi" ba ka faɗi komai ba. In ka ce "Hans mai niƙa" ka nuna mutum ɗaya tak, kuma ko yaro ya san gidansa. Sana'ar da za ta haifar da suna mai yawa ita ce wadda ake samu kusan a kowane gari, amma mai yin ta a garin bai wuce ɗaya ko biyu ba. Mai niƙa da maƙeri su suka fi cika wannan sharaɗi. Shi ya sa Schmidt, wato maƙeri, yake biye da Müller, kuma in aka haɗa dukan hanyoyin rubuta shi, Schmidt da Schmitt da Schmid da Schmitz, har yakan zarce shi.

Sanin da kowa ya yi wa mai niƙa kuwa ba na so da ƙauna ba ne, na dole ne. A yankuna da yawa akwai dokar da ake kira Mühlenzwang, wato tilascin niƙa. Gina gidan niƙa yana cin kuɗi mai yawa: a tare rafi, a haƙa magudana, a sayo duwatsu daga nesa, wasu daga tsaunukan Eifel inda ake fasa dutsen da ya yi suna wajen niƙa. Mai ƙasa ne ke da wannan ƙarfin, kuma shi ke da iko da ruwan. Sai ya gina, ya ba wani haya, sannan ya wajabta wa talakawan ƙauyukansa su kai hatsinsu can kaɗai. Wanda aka kama ya kai wani wuri sai tara, a wasu wuraren har dutsen hannu aka hana ajiyewa a gida. Ladan mai niƙa ba kuɗi ba ne yawanci, awo yake ɗiba daga hatsin da aka kawo, abin da ake kira Metze, sau da yawa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Daga ciki yake biyan mai ƙasa. Tun da kowa a wuri ɗaya yake taruwa, rigimar layi ba ta ƙarewa, har littafin dokokin Sachsenspiegel, wanda Eike von Repgow ya rubuta a farkon ƙarni na 13, sai da ya tanadi cewa a bi mutane bisa yadda suka iso. Wannan ƙa'ida ta zama karin magana da Jamusawa ke amfani da ita har gobe.

Ka duba matsayin manomin da ya sha wahalar shekara, ya ɗauko buhun alkamarsa ko na Roggen, wani hatsi ɗan'uwan alkama da suke yin baƙin burodi da shi, ya miƙa wa mutumin da bai zaɓa ba. Buhu ya shiga ciki, gari ya fito, kuma garin bai taɓa kai nauyin tsabar ba, domin akwai dusa, akwai ƙurar da ta tashi, akwai abin da ya maƙale a dutse, ga awon mai niƙa. Ta ina zai tabbatar ba a cuce shi ba? Daga nan zargi ya samo asali. An yi ta cewa mai niƙa yana da mudu biyu, yana jiƙa gari don ya yi nauyi, yana kiwata aladunsa da hatsin mutane. Ga shi gidansa yana bayan gari a bakin ruwa, yana aiki da dare in ruwa ya samu, wani lokaci har ranar Lahadi, sai aka riƙa danganta wurin da aljanu da tsafi. Littafin Krabat na Otfried Preußler, wanda ya fito a 1971, a kan irin wannan tsohuwar tatsuniya ta gidan niƙa mai sihiri aka gina shi. A wasu yankuna abin ya wuce gulma ya shiga doka: an sa masu niƙa cikin sana'o'in da ake kira unehrlich, marasa mutunci, ƙungiyoyin masu sana'a suna ƙin karɓar 'ya'yansu koyon aiki. Sai da dokar daula ta 1548 ta ce a daina wannan wariya, aka sake nanata ta a 1577, abin da ke nuna ba a ji ta farko ba.

Ba na shakkar an yi masu niƙa macuta, kowace sana'ar awo tana da su. Amma ina ganin yawancin fushin ba nasu ba ne. Talaka ba ya iya zagin mai ƙasa da ya kafa dokar, kuma ba ya ganinsa. Wanda yake gani shi ne mutumin da ke tsaye da mudu a hannu, jikinsa fari fat da gari, wanda shi ma haya ta sha masa kai, kuma in rafi ya ƙafe da rani ko ya daskare da hunturu ba shi da abin biya.

Wata shari'a da ta yi suna a tarihin masarautar Purusiya tana nuna wannan. Wani mai niƙa da ake kira Christian Arnold yana da gidan niƙa kusa da Pommerzig, yana biyan haya ga wani basarake, Schmettau. Sai wani babban mutum, von Gersdorff, ya haƙa tafkin kiwon kifi a saman rafin. Arnold ya ce ruwa ya ragu, wili ba ya juyawa yadda ya kamata, ya daina biyan haya. Kotu ta ba shi rashin gaskiya, aka yi gwanjon gidan niƙan a 1778. Ya yi ta kai kuka har ya isa kunnen Sarki Friedrich na Biyu. A ƙarshen 1779 sarkin ya fusata, ya zargi alƙalai da goyon bayan manya, ya tuɓe shugaban ma'aikatar shari'a, ya sa aka tsare wasu alƙalai a kurkukun Spandau, aka mayar wa Arnold gidansa. Bayan rasuwar sarkin a 1786 magajinsa ya wanke alƙalan, kuma masana har yanzu suna muhawara ko Arnold ne mai gaskiya. Abin lura game da tambayarka shi ne sunan mutumin. Mai niƙa ne na gaske, amma sunansa Arnold. Zuwa wannan lokaci suna da sana'a sun riga sun rabu. A ɗaya gefen kuma, mawaƙi Wilhelm Müller, wanda Franz Schubert ya sa wa waƙoƙinsa na 'yar mai niƙa kiɗa a 1823, ɗan tela ne. Gerd Müller da Baba yake ba ku labari, wanda ya ci ƙwallo 365 a gasar Bundesliga da 68 a wasanni 62 na ƙasa, saƙa ya koya a masaƙa kafin ƙwallo ta ɗauke shi.

Sunan yana da 'yan'uwa da yawa, kuma rubutun yakan tona inda dangi suka fito. Möller na arewa ne, inda ake magana da karin harshen gaɓar teku, kamar sunan Andreas Möller, tsohon ɗan wasan Borussia Dortmund. A Bavariya da Ostiriya ana samun Müllner, wanda ya riƙe tsohon n ɗin. A wasu sassan kudu ana cewa Miller. Inda masu niƙa suka yi yawa a bakin rafi ɗaya, sai a ƙara bayani: Obermüller na sama, Untermüller na ƙasa, Neumüller na sabon gida, Windmüller mai niƙa da iska. Kuma ba hatsi kaɗai wilin ruwa ke yi wa aiki ba. Ölmüller mai matse mai ne, Sägmüller yana yanka katako, Lohmüller yana daka ɓawon itace don majema. Da yawan ya zama matsala a zamanin baya-bayan nan, aka koma ƙara wani suna a baya. Hermann Müller, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Versailles a 1919 kuma ya shugabanci gwamnatin Jamus sau biyu, a majalisa Müller-Franken ake kiransa, da sunan mazaɓarsa, don a raba shi da sauran Müller da ke zaune a zauren.

Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tarar da rubutun da ba shi da ɗigo biyu. Wasu suka koma Mueller, kamar Robert Mueller da ya shugabanci hukumar FBI daga 2001 zuwa 2013. Wasu da yawa suka narke cikin Miller na Ingilishi, shi ya sa sunan ya yi yawa a cikin al'ummar Amish, waɗanda asalinsu masu jin Jamusanci ne. Sauran ƙasashen Turai ma suna da nasu: Meunier a Faransa da Beljiyam, Molinari a Italiya, Mulder a Holan, Molnár a Hangari, Melnyk a Yukren. Larabawa kuma suna da al-Tahhan.

In ka riƙe wannan mabuɗi, sunayen Jamusawa da kake ji a labarai za su fara yi maka magana. Schneider tela ne, haka ma Schröder a arewa. Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai gasa burodi, Wagner mai ƙera amalanke, Schumacher mai ɗinka takalma, Koch mai dafa abinci. Wasu kuma muƙami ne: Schulz, wanda a wasu yankuna ake cewa Scholz, shi ne mai unguwar da ke karɓar haraji da sasanta ƙananan rigingimu, Meyer kuma wakilin da ke kula da gandun mai ƙasa. Sai dai a yi hattara, ba duk sunan da ya ƙare da "er" ne sana'a ba. Berger na kamfanin Julius Berger da muka sani a hanyoyinmu da gadojinmu, a Jamusanci mutumin kan tudu yake nufi.

Ita sana'ar da ta haifi sunan ta ga sauyi mai yawa. Purusiya ta soke tilascin niƙa a 1810, sauran ƙasashen Jamus suka biyo a hankali cikin ƙarni na 19. Injin tururi ya raba niƙa da bakin rafi, sannan daga shekarun 1870 aka fara maye gurbin dutse da naɗaɗɗun ƙarafa masu murƙushe tsaba, waɗanda ke fitar da farar fulawa da yawa cikin sauri. Manyan masana'antu suka kafu a tashoshin jiragen ruwa inda ake sauke alkamar ƙasashen waje, ƙananan gidajen niƙa na ƙauye suka kasa gogayya. A 1957 Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta tanadi biyan diyya ga mai gidan niƙan da ya yarda ya rufe, kuma dubbai sun rufe, abin da Jamusawa ke kira Mühlensterben, mutuwar gidajen niƙa. Da yawa daga waɗanda suka tsira ƙungiyoyin sa-kai ne ke kula da su, kuma kowace shekara, ran Litinin da ke bin bikin Fentikos na Kirista, ana buɗe su ga jama'a a ranar gidajen niƙa ta ƙasa. Har yanzu ana koyon aikin, shekara uku ake yi, akwai ma makarantarsa ta musamman a birnin Braunschweig, sai dai hukuma ta ba shi wani dogon suna na zamani da ke nufin masanin sarrafa hatsi, domin mai niƙa na yau yawancin aikinsa a gaban kwamfuta da ɗakin gwaji yake. Masu sana'ar a tsakaninsu Müller suke kiran kansu, kuma suna gaisawa da tsohuwar gaisuwarsu ta Glück zu, wato fatan sa'a ga aikin.